Yadda ake neman tallafin kuɗin haya da ragin harajin gida a Birtaniya

A cikin watan Maris na kowace shekara ƙananan hukumomin Birtaniya kan aika wa gidaje takardar harajin da suke kira Council Tax, wadda ke nuna abin da za a biya daga Afrilu, kuma a daidai wannan lokaci ne masu zama a gidajen hukuma ke samun sanarwar ƙarin kuɗin haya. Ga iyalin da albashinsu bai taka kara ya karya ba, waɗannan abubuwa biyu ne ke lashe mafi yawan abin da ya shigo hannu tun wata bai yi nisa ba. Akwai tallafi a kan kowannensu, sai dai ba ta ƙofa ɗaya ake shiga ba, kuma babu ma'aikacin da zai biyo ka da shi har gida idan ba ka nema ba. Kuskuren da na fi gani a wurin mutanenmu shi ne su nemi ɗaya su ɗauka ɗayan ya biyo baya da kansa, sai bayan watanni a aiko musu da sammaci.

Fara da duba sharuɗɗan zamanka a ƙasar

Kafin ka cike ko layi ɗaya na wani fom, buɗe bayanan bizarka ka karanta sharuɗɗan da aka gindaya maka. Katin izinin zama da aka saba riƙewa ya daina aiki a ƙarshen Disambar 2024, yanzu bayanan suna intanet a asusun da kowane baƙo ke da shi a shafin Ma'aikatar Cikin Gida. Idan an rubuta cewa ba ka da damar cin gajiyar dukiyar gwamnati, to Universal Credit, wato tallafin wata-wata na masu ƙaramin samu, da Housing Benefit, wato tallafin kuɗin haya, da ragin haraji na masu ƙaramin ƙarfi duk sun haramta gare ka. Wannan sharaɗi yana kan bizar ɗalibai, da bizar da ake ba su bayan kammala karatu, da ta ƙwararrun ma'aikata, da ta masu aikin jinya da kula da tsofaffi, da kuma ta wanda ya biyo mijinsa ko matarsa kafin ya samu zama na dindindin. Wanda ya karɓi tallafin alhali sharaɗin yana kansa ya karya dokar shige da fice, kuma abin na iya tasowa a ranar da ya je sabunta biza, ko da an yi shekaru da kashe kuɗin. Kada ka dogara da cewa tun da sun biya ai sun yarda, domin kuskuren ma'aikaci ba ya wanke ka.

Waɗanda ƙofa ke buɗe musu su ne 'yan ƙasa, da masu izinin zama na dindindin, da waɗanda aka ba matsayin ɗan gudun hijira, da masu cikakken matsayin zama ƙarƙashin tsarin 'yan Tarayyar Turai. Ko su ɗin ma yawanci ana duba ko da gaske Birtaniya ce mazauninsu, saboda haka wanda ya yi shekaru a Kano ko Damagaram ya komo jiya yana iya jiran wata ɗaya zuwa uku kafin a amince ya sake kafuwa.

Inda abin ke da sarƙaƙiya shi ne gidan da miji ke da zama na dindindin amma matar tana kan bizar aure, ko akasin haka. A Universal Credit ana shigar da bayanan su biyun, ana kuma lissafa albashi da ajiyar kowa, amma kuɗin da za a biya na mutum ɗaya ne. A irin wannan gida ban ba da shawarar a taɓa fom ba sai an zauna da mai ba da shawara kan shige da fice wanda ke da rajista, musamman a kan ragin haraji, inda kasancewar wanda ba shi da dama a gidan ke iya ƙara yawan tallafin har a ɗauka ya ci dukiyar gwamnati. Wanda ke kan bizar iyali kuma talauci ya yi masa katutu yana iya roƙon Ma'aikatar Cikin Gida ta cire masa sharaɗin, kuma ba a biyan kuɗi a kan wannan roƙo. Haka nan a Ingila sashen kula da walwalar yara na ƙaramar hukuma yana da hurumin taimakon iyali mai yara a ƙarƙashin sashe na 17 na dokar yara ta 1989, kuma ba a lissafa wannan taimako cikin abin da biza ta hana.

Tantance ƙofar da za ka bi a kan kuɗin haya

Da can Housing Benefit ne kowa ke nema a wurin ƙaramar hukuma. Tun da aka fara shigo da Universal Credit a 2013, aka kuma kammala yaɗa shi a ƙarshen 2018, mafi yawan masu shekarun aiki suna samun tallafin haya ne a cikinsa, a hannun Ma'aikatar Ayyuka da Fansho. Sabon neman Housing Benefit ya rage ga wanda ya kai shekarun fansho na gwamnati, wato 66 da ake ɗagawa sannu a hankali zuwa 67 tsakanin 2026 da 2028, da kuma wanda ke zaune a masaukin wucin gadi da hukuma ta ba shi, ko gidan da ake ba mazauna kulawa ta musamman, ko mafakar masu gudun cin zarafi. Idan miji ya kai shekarun fansho amma matarsa ba ta kai ba, tun daga Mayun 2019 Universal Credit za su nema tare, abin da ya shafi gidaje da yawa a cikinmu inda tazarar shekaru tsakanin ma'aurata ke da faɗi.

Ƙididdige dukiyarka da gaskiya

Wanda ajiyarsa da kadarorinsa suka haura fam 16,000 ba ya samun Universal Credit ko Housing Benefit, in ban da tsohon da ke karɓar kason da ake kira Guarantee Credit na Pension Credit, wato ƙarin tallafin tsofaffi masu ƙaramin samu. Daga fam 6,000 zuwa 16,000 kuma ana rage Universal Credit da fam 4.35 a wata kan kowane fam 250 da ya ɗora a kan 6,000. Ga masu shekarun fansho ba a kallon fam 10,000 na farko a Housing Benefit.

Abin da mutane ke mantawa, ko suke yin kamar sun manta, shi ne dukiyar da ke wajen Birtaniya ma dukiya ce. Fili a bayan gari, gidan da aka zuba 'yan haya a Kaduna, kason gado da aka riga aka raba, kuɗin da ke kwance a asusun naira ko na sefa, duk ana so a bayyana su, sannan hukuma ta ƙiyasta darajarsu. Sau da yawa idan aka juya kuɗin zuwa fam ba ya kai inda zai hana tallafi, don haka ɓoyewar ba ta da wata riba sai haɗari. Idan kai ne uwar adashe, ko wani ya ba ka amanar kuɗinsa a asusunka, tanadi rubutacciyar shaida da sunayen masu zubi da ranakun ɗauka, domin ma'aikacin da ke duba bayanan banki ba abin da yake gani sai kuɗi da sunanka a kai. Haka kuma wanda ya tura kuɗi mai kauri gida ana saura kwanaki ya nemi tallafi, ana iya yanke cewa ya rabu da dukiyar ne da gangan, a ci gaba da lissafa ta kamar tana hannunsa.

San iyakar abin da za a biya kafin ka sa rai

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi da biro da takarda, domin tallafin ba ya bin abin da mai gida ya yanka maka. Ga mai haya a hannun ɗan kasuwa akwai ma'aunin da ake kira Local Housing Allowance, wanda aka shigo da shi a 2008. An raba ƙasar zuwa yankunan haya, an kuma sa wa kowane yanki iyakar kuɗi gwargwadon yawan ɗakunan kwana. Asalin ƙa'idar tun 2011 ita ce iyakar ta ishi kama gida a cikin kashi 30 mafi araha na yankin, amma gwamnati ta sha daskarar da adadin yayin da haya ke ta hawa. An daidaita shi a Afrilun 2024, aka sake barinsa yadda yake a Afrilun 2025. Sakamakon haka giɓi tsakanin tallafi da ainihin haya ya zama ruwan dare, musamman a Landan da Mancesta da Bamingham. Ana ganin adadin kowane yanki a shafin gwamnati ta hanyar shigar da lambar unguwa.

Yawan ɗakunan da aka yarda maka ba shi ne yawan ɗakunan gidanka ba. Ana ba ma'aurata ɗaki ɗaya, da duk wanda ya kai shekara 16 ɗaki ɗaya. Yara biyu 'yan jinsi ɗaya da ba su kai 16 ba ɗaki ɗaya ne nasu, yara biyu da ba su kai 10 ba kuwa ana haɗa su ko mace da namiji ne. Ba a wuce ɗaki huɗu komai yawan iyali. A ɗauki misalin mata da miji masu ɗa ɗan shekara 12 da 'ya'ya mata biyu masu shekara 8 da 6. Iyaye ɗaki ɗaya, 'yan matan ɗaya, yaron ɗaya, ɗaki uku ke nan. Idan hayarsu fam 1,100 ce a wata, iyakar ɗaki uku a yankinsu kuma ta kasance fam 900, to lissafi daga 900 zai fara, sauran 200 daga aljihunsu za su fito ko da babu mai aiki a gidan. Idan da a ce yaran biyu ne kawai, mace mai shekara 8 da namiji mai 9, ɗaki biyu za a yarda musu, har ranar da yaron ya cika 10 a ƙara na uku, kuma yana da kyau a tunatar da hukuma a ranar maimakon jiran ta lura.

Gwauro ko gwauruwa da ba su kai shekara 35 ba kuma ba su da yara, kuɗin ɗaki ɗaya a gidan haɗaka kawai ake ba su ko da su kaɗai ke zaune a gida sukutum. Akwai waɗanda aka keɓe daga wannan, kamar masu karɓar wasu kuɗaɗen naƙasa, da waɗanda suka tashi a hannun hukuma har su kai 25, da waɗanda suka tsira daga cin zarafi a gidan aure.

Mai zama a gidan ƙaramar hukuma ko na ƙungiyar samar da gidaje ba ya ƙarƙashin wancan ma'auni. Ana ɗaukar ainihin hayarsa, amma tun Afrilun 2013 ana zabge kashi 14 idan yana da ɗaki ɗaya fiye da buƙatarsa, kashi 25 idan biyu ne ko fiye, muddin yana cikin shekarun aiki. Kuɗin wuta da na ruwa da na ɗumama ɗakinka da na abinci ba sa cikin abin da ake biya, ko da an cusa su cikin kuɗin haya.

Sauran abubuwan da ke rage kuɗin ba su da wuyar fahimta. Babban ɗa ko ƙani da ya kai shekara 21 yana zaune tare da kai yakan jawo ragin da ya ɗan haura fam 90 a wata a Universal Credit, domin ana ɗauka yana kawo nasa kason, ko yana kawowa ko ba ya kawowa. Albashi kuma yana cin tallafi da kwabo 55 a kan kowane fam, sai dai mai yara ko mai lalurar da ta rage masa ƙarfin aiki ana yafe masa wani kaso na farko, wanda ya kasance fam 411 a wata a shekarar kuɗi ta 2025 ga mai karɓar tallafin haya. Sannan akwai rufin da aka sa wa jimillar tallafin gida guda, wanda a 2023 aka kai shi fam 25,323 a shekara ga iyali a Landan da fam 22,020 a wajenta. Wannan rufi ya fi cizon masu yara da yawa da babu mai aiki a cikinsu.

Tara takardu, amma kada su tsayar da kai

Za a nemi lambarka ta inshorar ƙasa, da shaidar ko kai wane ne kamar fasfo, da shaidar matsayin zamanka, da bayanan duk asusun bankinka, da takardun albashi, da kuma shaidar haya. Shaidar haya tana nufin yarjejeniyar da ke ɗauke da sunanka da adireshi da adadin kuɗi, tare da wani abu da ke nuna kana zaune a gidan, kamar takardar kuɗin wuta. Wanda ke biyan haya hannu da hannu ba tare da yarjejeniya ba ya roƙi mai gidan ya rubuta wasiƙa mai kwanan wata da sa hannu, ya kuma koma biya ta banki daga yanzu. Idan hayar ta mako ce, ninka ta sau 52 ka raba gida 12 domin samun ta wata. Ninkawa sau huɗu kuskure ne da ke sa mutum ya yi wa kansa ƙwange.

A lura cewa ba a biyan tallafi ga wanda ke ba ɗan'uwansa na jini kuɗin haya alhali gida ɗaya suke zaune, kamar ɗa a gidan mahaifinsa ko ƙanwa a gidan yayanta. Idan ɗan'uwan yana wani gida dabam ana iya biya, amma za a bincika ko haya ce ta gaskiya ko an shirya ta ne don a ci tallafi.

Shigar da buƙata

Universal Credit ta intanet ake nema. Za ka buɗe asusu, ka amsa tambayoyi, ka tura cikin kwana 28, kuma ranar da ka tura ita ce ranar da haƙƙinka ya fara, ba ranar da ka buɗe asusun ba. Ma'aurata kowa zai buɗe nasa, sannan a haɗa su da lambar da za a bayar. Bayan haka za a tabbatar da shaidarka, a kira ka ganawa a Jobcentre, wato ofishin ma'aikatar da ke kula da masu neman aiki, ka amince da sharuɗɗan neman aiki gwargwadon halinka. Wanda Turancinsa bai nuna ba yana da damar neman tafinta, kuma ya fi masa alheri da ya amsa tambayar da bai gane ba. Ƙungiyar Citizens Advice tana taimaka wa masu nema na farko kyauta har su karɓi kuɗin farko.

Kuɗin farko yakan ɗauki kusan mako biyar, wato wata ɗaya na lissafi da ƙarin kwana bakwai. Wanda ya tura ranar 10 ga Mayu, watansa zai ƙare 9 ga Yuni, a biya shi 16 ga Yuni. Tun da ba kasafai ake mayar da biya baya ba, kuma ko an yi ba ya wuce wata ɗaya, jinkiri asara ce. Wuri ɗaya ne na san jira ke da amfani: wanda aka sallama daga aiki kuma albashinsa na ƙarshe zai shigo nan da kwana biyu ko uku, gara ya bari ya shigo tukuna, domin in ya faɗa cikin watan lissafi zai cinye tallafin watan. Idan jiran mako biyar ya gagara, ana iya neman a ba da wani abu tun da wuri. Bashi ne marar kuɗin ruwa da ake cirewa a hankali cikin wata 24, saboda haka a karɓi iya buƙata.

A Ingila da Wels kuɗin hayar yana shigowa asusunka ne tare da sauran tallafin sau ɗaya a wata, kai za ka miƙa wa mai gida. Mafi aminci shi ne a umarci banki ya tura hayar washegarin ranar biya, kafin hidimar gida da saƙonnin 'yan'uwa su taɓa ta. Wanda ya san ba zai iya riƙewa ba ya nemi a riƙa biyan mai gidan kai tsaye, shi ma mai gidan yana iya neman haka idan bashi ya kai na wata biyu. A Sikotlan an ba mai nema zaɓin wannan, a Ailan ta Arewa kuwa haka tsarin yake da ma.

Housing Benefit kuwa a shafin ƙaramar hukumarka ake cike shi, kuma yawanci biya na farawa ne daga Litinin da ta biyo bayan ranar nema. Tura fom ɗin ko takardu ba su cika ba, ka biyo da su daga baya cikin wa'adin da za a ba ka. Masu shekarun fansho ana iya mayar musu da biya baya har wata uku ba tare da dogon bayani ba.

Ƙofa ta biyu: harajin gida

An fara karɓar Council Tax a Afrilun 1993. A Ingila da Sikotlan an jera gidaje a matakai takwas bisa darajarsu ta 1991, a Wels matakai tara bisa darajar 2003, Ailan ta Arewa kuwa tana da nata tsarin harajin dabam. Mazaunin gida ne ke biya, ko da haya yake yi, sai dai a gidan da aka ba kowa ɗakinsa da yarjejeniyarsa, inda nauyin kan koma kan mai gidan.

Abu biyu ne a nan da bai kamata a cakuɗa su ba. Na farko rangwame ne da ba ya kallon samunka kuma ba ya cikin abin da biza ta hana. Baligi ɗaya tilo a gida yana da ragin kashi 25. Ɗalibi mai cikakken karatu ba a ƙirga shi, gidan da duk ɗalibai ne ba ya biyan komai, kuma matar ɗalibi ko mijin ɗaliba baƙo da bizarsa ta hana shi tallafi shi ma yawanci ba a ƙirga shi. Sai an karɓo takardar shaida daga jami'a an tura wa ƙaramar hukuma kafin wannan ya yi aiki. Yafewar tana ƙarewa ne ranar da karatu ya ƙare a hukumance, ba ranar bikin yaye ɗalibai ba, kuma na ga wanda bai san haka ba har bashin wata huɗu ya taru masa yana jiran ranar sa hula. Akwai kuma sauke gida mataki ɗaya idan an gyara shi domin mai naƙasa, da rashin ƙirga mai larurar ƙwaƙwalwa mai tsanani idan likita ya tabbatar. Mai cin ragin kashi 25 da wani baligi ya tare a gidansa, ko da ɗan'uwa ne da ya zo daga gida, ya sanar cikin kwana 21, in ba haka ba a Ingila akwai tarar fam 70 bayan biyan abin da aka rage.

Na biyu shi ne ragi saboda ƙarancin samu, wanda ake kira Council Tax Reduction, wasu hukumomi kuma Council Tax Support. Ya maye gurbin tsohon tsarin ƙasa baki ɗaya a Afrilun 2013. Ba ya cikin Universal Credit, don haka sai ka je shafin ƙaramar hukumarka ka nema dabam, kuma ranar da ka tura wancan ya kamata ka tura wannan. Wasu hukumomi kan ɗauki sanarwar da ta zo musu daga Ma'aikatar Ayyuka da Fansho a matsayin nema, amma kada ka zauna kan zato, kira ka tambaya. A Ingila kowace hukuma ita ke tsara ƙa'idarta ga masu shekarun aiki, shi ya sa iyalai biyu masu samu iri ɗaya da titi kawai ya raba su za ka tarar an yafe wa ɗaya duka, ɗayan kuma dole ya biya kashi 20 ko fiye komai talaucinsa. Masu shekarun fansho suna ƙarƙashin ƙa'ida ɗaya da ke iya kaiwa yafe duka, Sikotlan da Wels kuma kowacce tana da tsari guda na bai ɗaya. Mai gidan kansa ma yana iya nema, haka mai aiki.

Yayin da kake jiran amsa ci gaba da biyan abin da ke kan takardarka. An saba raba harajin wata 10, daga Afrilu zuwa Janairu, amma kana iya neman a raba maka 12 domin na kowane wata ya yi sauƙi. Bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi a Ingila, wanda ya tsallake biya za a aiko masa da tunatarwa a ba shi kwana bakwai, in ya wuce sai a nemi kuɗin sauran shekarar gaba ɗaya, daga nan sai kotun majistare da ƙarin kuɗin shari'a, sannan masu karɓar bashi su ƙwanƙwasa ƙofa. Bashin haraji ya fi na katin banki saurin zama fitina, don haka shi da haya ake fara biya.

Bayan an fara biya

Duk sauyin da ya faru sai ka sanar, kuma wurare biyu za ka sanar, domin abin da ka rubuta a kundin asusunka na Universal Credit ba lallai ya isa ƙaramar hukuma ba. Ƙarin haya, ƙaura, haihuwa, aure, rabuwa, shigowar wani ko fitarsa, gado, duk suna ciki. Kuɗin da aka biya fiye da ƙima ana karɓe shi, har da tarar fam 50 idan sakacinka ne ya jawo.

Tafiya ƙasar waje tana buƙatar kulawa ta musamman. Universal Credit yana jure rashinka na wata ɗaya, Housing Benefit mako huɗu, kuma ana iya ninka wa'adin idan rasuwar makusanci ce ta fitar da kai. Mai niyyar aikin Hajji, ko mai son yin azumi da salla a gida, ya ƙirga kwanakinsa kafin ya yanki tikiti, ya kuma sanar kafin ya tashi. Idan tun farko tafiyar ta mako shida ce, haƙƙin na iya yankewa tun daga farkonta, ba sai wa'adin ya cika ba.

Idan giɓin haya ya fi ƙarfinka, ƙananan hukumomi suna da wani asusu na agajin haya ga wanda ya riga ya samu tallafin, wanda aka daɗe ana kira Discretionary Housing Payment. Ganin dama ne ba haƙƙi ba, na ɗan lokaci ne, kuma kuɗin kan ƙare kafin shekara ta ƙare. Mai nema ya rubuta kuɗin shigarsa da na fitarsa dalla-dalla, ya faɗi abin da yake yi don fita daga halin, kamar neman gida mai araha ko ƙarin sa'o'in aiki. Wanda aka ba takardar tashi kuma ya garzaya sashen gidaje na hukumarsa, domin a Ingila doka ta 2017 ta ɗora musu taimakon mai haƙƙi da ke fuskantar rasa muhalli cikin kwana 56.

Idan an hana ka ko an yi kuskuren lissafi

Karanta takardar hukuncin layi bayan layi, ka duba yawan ɗakunan da aka yarda maka, da adadin hayar da aka shigar, da mutanen da aka ƙirga. A Universal Credit kana da wata ɗaya ka nemi a sake duba hukuncin, kuma ana iya karɓar wanda ya makara har zuwa wata 13 idan da dalili. In ba ka gamsu ba sai ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun sauraron ƙorafin tallafi mai zaman kanta, wadda ba a biyan kuɗin shiga. Housing Benefit ma wata ɗaya ne, ta hannun ƙaramar hukuma. Ragin haraji hanyarsa dabam ce: za ka rubuta wa hukumar, tana da wata biyu ta amsa, idan ta ƙi ko ta yi shiru sai ka kai ƙara kotun ƙorafin harajin gida da ake kira Valuation Tribunal a Ingila, cikin wata biyu daga amsarta ko wata huɗu daga ranar da ka rubuta in ba ta amsa ba. Ƙungiyoyin Shelter da Citizens Advice suna duba irin waɗannan takardu kyauta. Duk abin da ka faɗa ta waya ka maimaita shi a rubuce, ka ajiye kwafi, ka kuma rubuta ranar da sunan sashen da ka yi magana da shi a bayan ambulan ɗin da wasiƙar ta zo a ciki.